GIDAJEN HAYA MASU TALLAFIN GWAMNATI: Mene Ne Su, Wa Ke Samu, Wa Ke Kula Da Su?



A da can, maganar kuɗin haya ba ta dame mu ba. In yaro ya isa aure sai a nuna masa wuri a gidan mahaifinsa, a kwaɓa ƙasa, a kira gayya, kafin damina ta sauka ɗaki ya tsaya. Amma rashin tsaro ya canja wannan. Ba wanda ya manta da harin da aka kai Kanya a watan Maris na 2022, da sauran hare-haren da suka auka wa ƙasar Danko da Wasagu da Sakaba. Iyalai da yawa sun bar gonakinsu da rumbunansu sun koma Ribah da Zuru, wasu har Kontagora. Mutumin da bai taɓa biyan ko sisi domin wurin kwana ba, yau ga shi yana lissafin kuɗin ɗaki.

A cikin wannan hali ne wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu ta zo ofishinmu da takarda a naɗe cikin leda. Ta ce wani mutum ya gaya mata gwamnati za ta raba gidajen haya masu sauƙi ga waɗanda suka yi gudun hijira, kuma fom ya kusa ƙarewa. Ta sayar da dawar da ta ajiye domin abinci ta biya shi. Da muka duba takardar, babu sunan ma'aikata, babu lamba, babu adireshi. Mutumin kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba.

Ba wauta ce ta sa ta biya ba. Ta ji ana maganar gidajen gwamnati a rediyo, kuma babu wanda ya taɓa zama ya bayyana mata yadda abin yake. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan bayani. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

MENE NE GIDAN HAYA MAI TALLAFI?

Gidan haya mai tallafi shi ne gidan da ɗan haya yake biyan ƙasa da kuɗin da ake biya a kasuwa, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin abin da ya rage. A ce ɗaki da falo a unguwa ana ba da shi Naira 120,000 a shekara. In aka ce wa iyali su biya 40,000, to akwai giɓin 80,000. Wannan giɓin shi ne tallafin. Ba ya ɓacewa cikin iska, dole wani ya biya shi, kuma daga kuɗin jama'a ake biya.

Saboda kuɗin jama'a ne, duk shirin gaskiya yana da doka ko ƙa'ida a rubuce wadda ta amsa tambayoyi huɗu:

1. Gidan na wane ne? Na gwamnatin tarayya, ko na jiha, ko na wani mutum?
2. Wa ya cancanci shiga, kuma da me ake auna shi?
3. Nawa ɗan haya zai biya, kuma wa zai cike sauran?
4. Wace hukuma ce take karɓar kuɗi, take gyara, take sauraron ƙara?

Ku riƙe waɗannan tambayoyi huɗu. Duk wanda ya zo muku da maganar gidan gwamnati ya kasa amsa su, to ku kama bakin aljihunku.

HANYOYI UKU DA GWAMNATOCI SUKE BI

Hanya ta farko ita ce gwamnati ta gina gidaje da kanta, ta ba da su haya da sauƙi. Ingila ta yi suna a wannan. Tun daga 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi aikin gina wa talakawa gidaje. Mai bukata yakan rubuta sunansa, a sa shi a layi. Ana fifita wanda ba shi da wurin kwana, da mai rashin lafiya, da iyalin da suka cushe a ɗaki ɗaya. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan hayan nan damar sayen gidajen da rangwame. Waɗanda suka saya sun ji daɗi, amma ba a gina wasu daidai da yawan waɗanda aka sayar ba, sai layin masu jira ya ƙara tsawo. Ku lura da wannan, domin za mu ga irinsa a ƙasarmu.

Hanya ta biyu ita ce gwamnati ta bar ginin, ta taimaki ɗan haya da kuɗi. Haka Amurka take yi tun daga dokar da ta kafa a 1974. Ana duba abin da iyali suke samu, a gwada da matsakaicin samun mutanen yankinsu. In bai kai rabi ba, suna iya nema. Wanda aka zaɓa sai a ba shi takardar tallafi, ya je ya nemi gida wurin mai gida mai zaman kansa. Iyalin su biya wajen kashi 30 cikin ɗari na abin da suke samu, hukumar gidaje ta garin ta aika wa mai gida sauran kai tsaye. Kafin a biya, jami'i yakan zo ya duba ko gidan ya dace mutum ya zauna. Kowace shekara kuma akan sake duba samun iyalin. Duk da arzikin Amurka, wajen iyali ɗaya ne cikin huɗu da suka cancanta yake samun taimakon haya, kuma a manyan birane mutum yakan yi shekaru yana jira.

Hanya ta uku ita ce haya wadda take komawa mallaka. Mutum ya shiga gida a matsayin ɗan haya, yana biya wata-wata, kuɗin yana taruwa, in ya gama biya gida ya zama nasa. Tallafin a nan shi ne sauƙin kuɗin ruwa da tsawon lokacin biya.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne: Nijeriya ba ta da shiri irin na biyu wanda talaka zai je ya rubuta suna gwamnati ta riƙa biya masa rabin haya. Irin na farko ma kaɗan ne, kuma yawanci na ma'aikata ne. Mafi yawan abin da kuke ji ana kira gidajen gwamnati, na sayarwa ne, ko na hanya ta uku.

YADDA ABIN YA FARO A ƘASARMU

Tun zamanin Turawa gwamnati take gina wa ma'aikatanta gidaje, waɗanda muke kira kwatas. Mu mutanen ƙasar Zuru mun san wannan sarai, domin da wuya a sami gidan da ba shi da soja ko ɗan sanda. Soja yana zaune a bariki muddin yana aiki. Ranar da ya yi ritaya sai ya ba da makulli ya kwashe kayansa. Haka kwatas ɗin malamai da na ma'aikatan asibiti. Wannan haya ce mai tallafi, amma a ɗaure take da aiki. Babu aiki, babu gida.

A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Ita ce take da alhakin unguwar Festac a Legas, daga baya kuma Gwarinpa a Abuja. A 1977 aka kafa Bankin Ba Da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda ake kira FMBN.

Babban yunƙurin da dattawanmu suke tunawa shi ne na Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983. An tsara gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha domin masu ƙaramin ƙarfi. A lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Daga nan ne aka sami unguwannin da har yau ake kira Shagari Kwatas a garuruwa da yawa na Arewa. Niyyar ta yi kyau, amma abin da aka kammala bai kai rubu'in abin da aka yi alkawari ba. An gina wasu nesa da gari, inda babu ruwa babu hanya. A wasu jihohi an yi ta jayayya kan fili tsakanin gwamnan jiha da gwamnatin tarayya saboda bambancin jam'iyya. Da aka zo rabo kuma, masu uwa a gindin murhu sun riga talaka.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka taso daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi ba su da wurin zama. Sai gwamnatin jiha ta shiga gina rukunin gidaje, irin su na Gesse. Su ma domin ma'aikata aka fi yin su.

A 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta canja tsari. Ta ce maimakon ta ba ma'aikaci gida, za ta sa masa kuɗin haya cikin albashi ya nemi wa kansa. Daga nan aka shiga sayar da kwatas ɗin gwamnatin tarayya, musamman a Abuja daga 2005. Jihohi da dama su ma sun sayar wa mazauna gidajen da suke ciki. Ga abin da ya faru a Ingila ya maimaita kansa: wanda yake ciki ya zama mai gida, wanda yake zuwa a baya bai tarar da komai ba.

ASUSUN GIDAJE NA ƘASA

Yawancin shirye-shiryen yau a kan Asusun Gidaje na Ƙasa suke tsaye, wato NHF, wanda aka kafa da doka a 1992. Ga yadda yake aiki.

Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci kowane wata a zuba a asusun, bankin FMBN yana riƙe da shi. Ga ma'aikatan gwamnati dole ne. Ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 ya mai da shi ganin dama. Wanda ya yi wata 6 yana zubawa ba fashi yana iya neman lamuni ya saya ko ya gina gida. Kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, kuma ana iya biya har tsawon shekara 30, gwargwadon shekarun mutum da abin da ya rage masa na aiki. Bankunan kasuwa kuwa sukan nemi fiye da kashi 20. Bambancin nan shi ne tallafin.

Wanda ya zuba kuɗi bai ci lamuni ba, yana da ikon karɓar abinsa in ya cika shekara 60 da haihuwa ko ya yi ritaya. Tsofaffin malamai da ma'aikatan da suke cikinmu su duba takardar albashinsu ta da. In an riƙa cire musu wannan kuɗi, haƙƙinsu ne su nema.

A 2018 bankin ya fito da shirin haya mai komawa mallaka. Mai zubi a asusun yana iya shiga gidan da bankin ya amince da shi ba tare da ya tara kuɗi masu yawa tun farko ba, ya riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara har gida ya zama nasa. Amma muddin bai gama biya ba, gidan ba nasa ba ne. Ba zai sayar ba, kuma in ya daina biya ana iya karɓewa.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta gina rukunin gidaje a jihohi 34 daga 2016, ta fara sayarwa ta intanet a 2021. A 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta ware ma'aikatar gidaje daban, ta naɗa Ahmed Musa Dangiwa, ɗan Jihar Katsina, minista. A watan Fabrairu na 2024 aka aza harsashin gidaje fiye da 3,000 a Karsana, Abuja, aka kuma fara wasu a jihohi. Ana samun su ta hanyar biya gaba ɗaya, ko biya kashi-kashi, ko lamuni, ko haya mai komawa mallaka. Ma'aikatar ta kuma yi shelar shirin gina gidaje 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 774 domin marasa ƙarfi. Wannan labari ne mai daɗi, amma shela daban, makulli daban. Macuta sun fi samun kasuwa a tsakanin ranar shela da ranar rabo.

BARI MU YI LISSAFI

Mutane sukan tambaye mu: in gidajen nan na talakawa ne, me ya sa ba mu taɓa ganin talakan da ya samu ba? Lissafi zai ba da amsa.

A ce gida mai ɗaki ɗaya da falo kuɗinsa Naira miliyan 8. In aka ba ka lamuni da ruwa kashi 6 na shekara 30, za ka riƙa biyan wajen Naira 48,000 kowane wata. Ƙa'idar masu ba da lamuni ita ce abin da kake biya kada ya wuce sulusin abin da kake samu. Ke nan sai mai samun wajen 144,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, Naira 70,000 ne. Ashe ko ƙaramin ma'aikaci bai kai ba, balle manomi.

Matsalar manomi ma ta wuce yawan kuɗi. Banki yana son takardar albashi, domin ya ga abin da yake shigowa kowane wata. Manomi kuwa kuɗinsa da kaka yake zuwa, in an girbe dawa da masara da wake. Wata shekara rumbu ya cika, wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, wata shekara kuma ba a ma iya zuwa gona ba. Sa'an nan banki yana son takardar shaidar mallakar fili. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne yake ba da wannan takarda a birane, ƙaramar hukuma kuma take ba da ta gargajiya a karkara. Gonaki da gidajenmu na gado yawancinsu ba su da ko ɗaya.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 16, ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin samar wa kowane ɗan ƙasa muhalli mai kyau. Amma wannan yana cikin babi na biyu, wanda yake nuna wa gwamnati alƙibla kawai. Ba za ka kai ta kotu domin ba ta ba ka gida ba. Wurin da za ka bi haƙƙin nan shi ne wurin kansila, da ɗan majalisa, da ranar zaɓe.

WAƊANDA SUKA YI GUDUN HIJIRA FA?

Nasu ba ya ƙarƙashin gidajen haya. Agajin wanda rikici ko ambaliya ya raba da gidansa aikin Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ne, NEMA, wadda aka kafa a 1999, tare da takwararta ta jiha, da hukumar kula da 'yan gudun hijira. Suna aiki ta hannun ƙaramar hukuma da masu sarauta. Rubuta suna domin agaji kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya kafin ya rubuta sunanka a matsayin ɗan gudun hijira, cutarka yake so ya yi, ko da kuwa ya sa rigar aiki.

YADDA SHIRIN GASKIYA YAKE TAFIYA

Ko na tarayya ne ko na jiha, matakan kusan iri ɗaya ne.

Na ɗaya, sanarwa. Hukuma takan faɗa a fili, a rediyo da jarida da shafinta na intanet. Takan faɗi inda gidajen suke, da yawansu, da farashi, da ranar rufewa. Gidajen gwamnati ba a yi musu raɗa a kunne.

Na biyu, cika fom. Na tarayya yanzu ta intanet ake yi. Za a nemi lambar shaidar ɗan ƙasa, da hoto, da shaidar abin da kake samu.

Na uku, tantancewa. Kwamiti ko banki zai duba ko ka cika sharuɗɗa.

Na huɗu, takardar ba da gida. Tana ɗauke da sunanka, da lambar gida, da sa hannun jami'in da aka sani. Kana iya kai ta ofishin a tabbatar maka.

Na biyar, biya. Tun 2015 kuɗin gwamnatin tarayya asusu ɗaya suke shiga, ana biya a banki, a ba ka rasit. Ba a biya a hannun mutum, ba a tura wa asusun da yake ɗauke da sunan wani.

Na shida, yarjejeniya. A nan ake rubuta wa zai gyara rufi, wa zai biya wuta da ruwa, ko an yarda ka sa wani ɗan haya, da abin da zai faru in ka kasa biya. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai wanda ka amince da shi ya karanta maka duka.

ALAMUN MACUCI

• Yana gaggawa: yau ne ranar ƙarshe, saura fom uku.
• Yana cewa kada ka gaya wa kowa.
• Yana karɓar kuɗi a hannu, ko ya ba ka lambar asusunsa.
• Yana fakewa da sunan wani babba, ya ce shi ne ya aiko shi.
• Ba ya iya kai ka ka ga gidan da idonka.
• Yana neman lambar BVN taka, ko lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya turo maka a waya.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka dakata. In ka ga biyu, ka sanar da mai unguwa da dattawa, domin bayan ya bar ƙofarka ƙofar maƙwabcinka zai nufa.

HAƘƘIN ƊAN HAYA A GIDAN MUTUM

Tun da yawancin 'yan'uwanmu da suke Ribah da Zuru a gidajen mutane suke haya, ga abin da ya fi shafarsu yau.

Ka karɓi rasit duk lokacin da ka biya. In mai gida ba shi da littafin rasit, a rubuta a takarda: kwanan wata, yawan kuɗi, daga wane wata zuwa wane wata, da sa hannun shaidu biyu. Yarda ba ta hana rubutu. Mai gida na iya rasuwa, magada su zo su ce ba su san zancen ba.

In babu wata yarjejeniya dabam a rubuce, dokar yawancin jihohi ta ce mai biya wata-wata a ba shi sanarwar wata ɗaya kafin a tashe shi, mai biya shekara-shekara kuma wata 6. Bayan wa'adin ya cika akwai ƙarin sanarwar kwana 7, sa'an nan mai gida ya je kotu. Ba shi da ikon cire ƙofa, ko kware rufi, ko watsar da kayanka waje da ƙarfin tsiya. Wanda aka yi wa haka kuma ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a ta gwamnati wadda take da ofis a manyan biranen jihohi.

Amma doka takan kare wanda yake biya ne. In ka ga ba za ka iya biya a kan lokaci ba, ka je wurin mai gida tun kafin ranar ta zo, tare da dattijo, ku yi magana. Ka kula da ɗakin mutane kamar naka. Ga masu gidaje da suke cikinmu kuma, muna roƙo: wanda ya gudo da ransa ba abin cin riba ba ne. In za ku iya karɓar kuɗi kashi-kashi, ko ku jira kaka, ku yi.

ABIN DA ZA MU IYA YI DA KANMU

Ba mu ce a fid da rai da gwamnati ba. Kuɗin da take gina gidaje da su namu ne. Amma mai jiran gawon shanu yakan kwana da yunwa, saboda haka ga shawarwari huɗu.

Na farko, kowace ikilisiya ta rubuta sunayen iyalan da suka bar gidajensu: daga ina suka fito, mutum nawa, ina suke zaune, wa yake gwauruwa, wa yake da naƙasa. A haɗa da maƙwabta Musulmi da masu bin gargajiya, gama wahalar ba ta zaɓi kowa ba. A ba dagaci da kansila kwafi. Ranar da aka ce a kawo sunaye, jama'ar da take da lissafi a hannu ba a cika tsallake ta ba.

Na biyu, kowa ya yi katin shaidar ɗan ƙasa, ya adana takardunsa cikin leda wuri ɗaya. Wanda yake da fili ya nemi takarda a ƙaramar hukuma, musamman yanzu da gonaki da yawa suke zaune ba mai su a kusa.

Na uku, a ƙarfafa adashi da ƙungiyoyin gama kai, a yi musu rajista, a buɗe asusu a banki. Abin da manomi ɗaya ba zai iya nunawa ba, littafin ƙungiya na shekara biyu ko uku yana iya nunawa. Bankin FMBN yana da sashen da yake hulɗa da ƙungiyoyi masu rajista. Ko ba a kai can ba, ƙungiya tana iya ranta wa mamba kuɗin haya ya biya da kaka.

Na huɗu, kada mu yar da gayya. In hankali ya kwanta aka koma gida, ɗakunan da suka rushe ba ɗan kwangila ne zai tashe su ba. Tubalin ƙasa da hannu da yawa sun fi arha fiye da kowane lamuni.

Gwauruwar da muka ambata ba ta sami kuɗinta ba. Zumuntar mata ce ta haɗa mata kuɗin ɗaki na wata shida, wani dattijo kuma ya raka ta wurin mai gida aka rubuta yarjejeniya. Yanzu ita ce take gaya wa sauran mata kada su biya kowa kuɗin fom.

In wani ya kawo muku takarda a kan gida, ku kawo ta ofishinmu, ko ku nuna wa sakataren ikilisiya ko wani malami kafin ku fitar da ko kwabo. Dubawa kyauta ce. Ku tuna da tambayoyin nan huɗu: gidan na wane ne, wa ya cancanta, nawa za a biya, wace hukuma ce take kula.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa.